Kamu Uku da Ƙoshin Kunne: Yadda Aka Koyi Jita a Moss Side da Birmingham

Moss Side unguwa ce a kudancin Manchester, kimanin mil biyu daga tsakiyar gari, mai dogayen layukan gidajen jan bulo manne da juna, waɗanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da masaƙun auduga suka mai da birnin kasuwar duniya. Masu kallon ƙwallo sun san ta da filin Maine Road, inda Manchester City ta yi wasa daga 1923 zuwa 2003, masu bin labarai kuma sun san ta da tarzomar Yulin 1981. Tana da wani tarihin da ba a cika bayarwa ba, na yadda 'ya'yan baƙi da 'ya'yan leburori suka koyi kaɗa jita ba tare da sun taka ƙofar makarantar kiɗa ba, su da takwarorinsu na Handsworth da Aston a Birmingham. Abin da tarihin nan ke nunawa, a ganina, shi ne ilimin da yatsu ke bukata kaɗan ne ƙwarai, a yini guda ana iya nuna wa mutum shi. Abin da ya yi makaɗa a waɗannan unguwanni kunne ne da ya ƙoshi da sauraro, da wani na gaba mai gyara wa yaro yatsa, da ɗakin da za a yi ta maimaici babu mai kora.

Sai an fara fahimtar aikin kansa kafin a gane dalili. Jita tana da tsirkiya shida, an kuma gindaya wa wuyanta ƙananan ƙarafa, kowane ƙarfe mataki ne na sauti. Idan makaɗi ya danne tsirkiya biyu ko uku da yatsun hagu a wurare sanannu, ya shafi tsirkiyoyin gaba ɗaya da hannun dama, sai sautuka uku su tashi tare su zama amo ɗaya mai kauri. Wannan kamun yatsu shi makaɗa ke kira kod, kuma kowane kamu da harafin da aka san shi da shi. A tsarin kiɗan Turawa tsanin sauti matakai bakwai gare shi, kuma kamun da aka gina a kan mataki na ɗaya da na huɗu da na biyar, in aka tara su, sun ƙunshi matakan nan bakwai kaf. Saboda haka duk inda muryar mawaƙi ta faɗa, akwai ɗaya daga cikin ukun da zai tare ta. Kamar duwatsun murhu suke, uku sun isa ɗaukar tukunya, abin da aka dafa a ciki kuwa ya rage ga mai girki. Wanda ya iya G da C da D, ko E da A da B7, ya samu hanyar shiga ɗaruruwan waƙoƙi. Ɗora kari a kansu ma ba wani asiri ba ne: a daidai bugun da ya fi nauyi mai kiɗa yana sauka a kan ɗaya daga sautukan kamun da ke hannunsa, tsakanin bugu da bugu ya ratsa ta sauran matakan yadda ya ga dama, ya huta lokacin da hannu ya koma kamun farko. Bayanin ke nan duka. Sai dai kan yatsu sai sun yi kanta kafin tsirkiya ta daina cizo, sauya kamu ba tare da kiɗan ya yanke ba sai an yi makonni ana fama, sanin inda kari zai juya kuwa babu zanen da ke koyar da shi.

Mutanen da suka cika Moss Side sun fito ne daga wuraren da jita ta riga ta zama 'yar gida. Tun da aka buɗe mashigin jiragen ruwa na Manchester a 1894, ma'aikatan jirgi 'yan Afirka ta Yamma suke sauka a tashar Salford, wasu su yi aure su zauna, daga baya da yawansu suka gangaro Moss Side. A gaɓar tekun da suka baro, matuƙan jirgi 'yan ƙabilar Kru na Laberiya sun daɗe da yaɗa salon kaɗa jita da yatsu biyu, babban yatsa da manuni, daga Freetown zuwa Accra da Legas, salon da ya zama ɗaya daga tushen kiɗan hailaif. Ambrose Campbell, haifaffen Legas a 1919, a cikin irin wannan kiɗa na matuƙa ya tashi, shi ma ya shiga aikin jirgi, ya kafa West African Rhythm Brothers a Landan, kuma a wurin wani ɗan Trinidad, Lauderic Caton, ya ƙara koyon jita. Bayan jirgin Empire Windrush ya iso a Yunin 1948 sai 'yan Karebiyan suka yi ta zuwa. Cikin fasinjojin jirgin akwai Lord Kitchener, gwanin kalifso, wanda ya zauna a Manchester har ya riƙe gidan rawa kafin ya koma Trinidad a 1962, kuma fayafayansa, har da waƙar da ya yi wa 'yancin Ghana, sun yi kasuwa a Afirka ta Yamma. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa yana jin juyin kamu uku a faifan babansa, ya ji shi a cocin uwarsa inda ake waƙa da jita da tafi, shekaru kafin ya taɓa tsirkiya.

Za a ce ai littafi ne ya koyar da Birtaniya jita, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A farkon 1956 Lonnie Donegan ya yi tashe da wata tsohuwar waƙar baƙaƙen Amurka, sai guguwar kiɗan sikiful ta taso: jita mai araha, allon wanki, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya da igiya guda. Dubban samari suka kafa ƙungiyoyi. A 1957 Bert Weedon ya fitar da littafinsa Play in a Day, mai zanen inda kowane yatsa zai zauna, aka sayi kwafi fiye da miliyan, kuma manyan makaɗa irin su Eric Clapton da Brian May sun shaida cewa sun amfana da shi. Ban raina wannan ba. Amma a duba abin da littafin ya bayar da abin da ya bari. Ya nuna wurin yatsa, bai iya nuna nauyin hannun dama ba, ko ɗan jinkirin da ke sa kiɗa ya yi daɗi. Paul McCartney ya sha ba da labarin yadda shi da abokansa, sun iya E da A, suka hau bas suka ratsa Liverpool don neman wani mutum da aka ce ya san B7, wato cikon na ukun. Mutumin ya nuna musu, suka dawo. John Lennon kuwa uwarsa Julia ce ta fara nuna masa kamu, kuma na banjo ne, kayan kiɗan da masana suka bi asalinsa har zuwa molayen ƙwarya na Afirka ta Yamma, dangin gurminmu. Ko a lokacin da littafi ya fi kasuwa, ilimin daga hannu zuwa hannu yake tafiya.

Ranar 7 ga Mayu 1964 Manchester ta ga wannan ilimi da idonta, a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Wilbraham Road da aka daina amfani da ita, kudu kaɗan da Moss Side. Gidan talabijin na Granada ya zaunar da 'yan kallo a kan dandamali ɗaya, makaɗan buluz daga Amurka a kan ɗayan, layin dogo a tsakaninsu. Akwai Muddy Waters, akwai Sonny Terry da Brownie McGhee. Ruwa ya tsuge. Sister Rosetta Tharpe, mai shekara 49, ta sauko daga keken doki sanye da doguwar rigar sanyi da takalmi mai tsini, ta rataya farar jitar lantarki, tana takawa a kan jiƙaƙƙen dandamali tana kiɗa. A coci ta koya tun tana ƙarama, a gefen uwarta mai kaɗa mandolin. Wanda ya kalli hoton wasan da idon mai koyo zai ga hannun hagunta bai cika nisa da kamun da kowane ɗan sikiful ya sani ba. Buluz kansa gaɓa goma sha biyu ne a kan kamu uku, ana zagayawa ana dawowa. Abin da ya bambanta ta shi ne abin da take yi tsakanin kamu da kamu: ta rera layi, jitar ta amsa mata da ɗan gajeren kari na sauti huɗu ko biyar, ta ja tsirkiya da yatsa har ta yi kuka irin na murya. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsari, domin jagora da 'yan amshi ne, sai dai a nan mutum ɗaya ke riƙe da duka biyun.

Makarantar yau da kullum kuwa faifai ne. A mahaɗar titin Princess da Moss Lane East akwai gidan rawa na Reno a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da gidan rawa na Nile a samansa, kuma sunan ɗan Najeriya Phil Magbotiwan ne ke haɗe da wurin tun farkon shekarun 1960. Reno ya zama mafakar matasan da aka haifa tsakanin baƙi da Turawa, waɗanda wasu gidajen rawa na cikin gari ke mayarwa daga bakin ƙofa, kuma a can ake jin fayafayan sol da fank na Amurka da rediyo ba ta sawa. A gidaje kuma 'yan Jamaika suna kafa manyan lasifikoki a kwana ana rege. Mai koyo yakan samu faifan ya kai ɗaki, ya ɗora allura a kan gaɓar da yake so, ya ɗaga, ya mayar, ya sake ɗagawa, har sai yatsa ya sami sautin. In gaɓar ta yi sauri sai ya rage gudun garmaho daga 45 zuwa 33, muryar ta yi ƙasa ta yi kauri, amma kowane sauti ya fito daban. Wahala ce, amma wahalar ita ce darasin, don wanda ya farauto kari da kunnensa sau ɗari ya koyi yadda ake ƙera kari. Barry Adamson, wanda aka haifa a Moss Side a 1958, bai daɗe da fara taɓa jitar bes ba ya amsa tallar neman makaɗi ya shiga ƙungiyar Magazine a 1977. Hannunsa sabo ne, kunnensa kuwa ya yi shekaru yana cin jaz da sol da kiɗan finafinai, kuma wannan kunnen ne ya haifi faifansa Moss Side Story a 1989, kiɗan wani fim da ba a taɓa ɗauka ba.

Birmingham ta ba da shaidu biyu da suka fi kowanne ƙarfi. Joan Armatrading, haifaffiyar tsibirin St Kitts a 1950, ta zo birnin tana shekara bakwai. Babanta yana da jita amma ya hana ta taɓawa. Ta ga wata a shagon jingina a kan fam uku, uwarta ba ta da kuɗin, sai ta yi musaya da tsofaffin kekunan jarirai guda biyu. Da wannan jita ta koya wa kanta, kuma tun farko waƙoƙinta take ƙirƙira, tana neman kamun da zai ɗauki abin da ke bakinta. Tony Iommi na Aston kuwa, yana shekara 17, injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma da yake bahago ne, hannun da yake danne tsirkiya da shi ke nan. Wani shugabansa a wurin aiki ya sa masa faifan Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa wa yatsu biyu amma ya zama gwani. Iommi ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya liƙa musu fata, ya sa siraran tsirkiyoyin banjo, daga baya ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin don su yi laushi. Ya dogara ƙwarai da ɗan ƙaramin kamu mai sauti biyu kacal, yana zame shi sama da ƙasa a wuyan jita har kamun kansa ya zama kari. Daga nan nauyin kiɗan ƙungiyarsa Black Sabbath ya fito, wanda dubban ƙungiyoyi suka kwaikwaya bayan faifansu na farko a 1970.

Rege ya rage kamun ya ƙara wa kunne aiki. A rege sau da yawa kamu biyu ne ake juyawa, mai jita yana sarar tsirkiya a gajarce a tsakanin bugu, ya saki yatsu nan take don amon ya mutu, kari kuma ya koma wurin bes da murya. A minti biyar ana nuna wa yaro wannan, amma sai ya yi shekara bai zauna daidai a cikin kiɗan ba. Steel Pulse, waɗanda David Hinds da Basil Gabbidon da abokansu na makaranta suka kafa a Handsworth a 1975, da UB40, waɗanda suka ɗauki sunansu daga takardar neman tallafin marasa aikin yi suka kuma shafe watanni a ɗakin ƙasa suna bin fayafayai kafin su fito, duk ta wannan hanya suka bi. Ranar 15 ga Yuli 1978 biranen biyu suka haɗu a filin Alexandra Park da ke gefen Moss Side, a gangamin kiɗa na adawa da wariyar launin fata, gaban dubun-dubatar mutane. Steel Pulse suka hau dandamali ɗaya da Buzzcocks, Turawa 'yan kiɗan punk na Manchester masu kiɗa da gudu da hayaniya. In aka rubuta kamun ɓangarorin biyu a takarda, bambancin ba shi da yawa. A kunne kuwa ko kurma ya san ba abu ɗaya ba ne, kuma duk bambancin yana hannun dama da abin da kowa ya tashi yana ji.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya kamata a saurara: cewa irin wannan labari yana ƙawata talauci, yana kuma yaɗa tatsuniyar gwanin da ya koya wa kansa. Gaskiya ne rashin aiki da wariya ba su taɓa koya wa kowa kiɗa ba, kuma a bayan kowane Adamson akwai yara da yawa da jitarsu ta koma shagon jingina. Gaskiya ne kuma kusan babu wanda ya koya shi kaɗai. Yaran Musical Youth, da suka hau saman jerin waƙoƙin Birtaniya a 1982, Frederick Waite ne ya horar da su, tsohon mawaƙin ƙungiyar Techniques ta Jamaika kuma uban biyu daga cikinsu, a wani wurin koyon kiɗa na al'umma a unguwar Saltley ta Birmingham. Amma wannan ƙorafi ƙarfafa maganar yake yi. Abin da unguwannin suka mallaka jama'a ce a cunkushe, da manya masu sana'ar a kusa, da ɗakuna masu araha. Da hukuma ta rushe layuka da yawa na tsohuwar Moss Side a ƙarshen shekarun 1960 da farkon shekarun 1970 da sunan kawar da kangaye, ta watsa maƙwabta, ta kuma binne ɗakunan ƙasa. An rufe Reno a 1986 aka rushe ginin, sai a 2017 marubuciya Linda Brogan ta jagoranci tsofaffin masu zuwa wurin da masu binciken kufai na Jami'ar Salford suka tono shi. Yau kowane kamu da aka taɓa ƙirƙira yana YouTube kyauta, babu mai hawa bas neman B7, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai bidiyo ba ya jin kuskuren mai koyo balle ya ce masa ya yi sauri, kuma ba ya ba shi abokan da zai ji kunyar ɓata wa kiɗa.

Mai karatu Bahaushe yana iya cewa duk wannan na wasu ne, tunda kiɗanmu ba a kan kamu aka gina shi ba. Haka ne, garaya da molo da gurmi da goge kari suke bi, ana maimaita ɗan gajeren zagaye murya tana yawo a kansa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi fiye da rabin ƙarni yana riƙe da jama'a da kuntigi, gwangwani rufe da fata da tsirkiya ɗaya tak. Yadda ake koyon ma sananne ne, yaro yana bin maigidansa yana amshi yana ɗaukar kaya shekara da shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa. To ai wannan shi ne tsarin da ya yi aiki a Moss Side, sai dai can babu gado kuma faifai ya tsaya a wurin maigida rabin lokaci. Inda ɗan Hausa mai koyon jita, a Kano yake ko a Manchester, zai yi hattara shi ne wurin harshe. Hausa tana da karin sauti, gaɓa tana hawa tana sauka, kuma waƙar da ta ja murya sama a inda kalma ke sauka tana yi wa kunne bambaraƙwai ko da kamun ya yi daidai da littafi. Don haka hanyar Armatrading ta fi dacewa da shi: ya fara rera layin yadda harshe ke so, ya nemo sautin da muryar ke hutawa a kai, sannan ya ɗora kamu a ƙarƙashinsa. Sau da yawa zai tarar karin a kan matakai biyar yake tafiya, kamu ɗaya ko biyu sun ɗauke shi, wani lokaci ma ɗan kamun nan mai sauti biyu ya fi cikakken kamu barin wa murya fili.

Makaɗan Abzinawa na Nijar sun riga sun gwada haka sun ga ya yi. Mdou Moctar, wanda ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, da katako da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ya koya ta hanyar sauraron magabata irin su Abdallah Oumbadougou. Salon nasu yakan zauna a kan kamu guda na tsawon lokaci, tsirkiya ɗaya tana ta gunji a ƙasa, yatsu suna saƙa kari a sama yadda ake yi da molo. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da kayan aiki da salon situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya a kasuwannin Nijar da Mali kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011.